Baƙuwa a Keken Mijinta

Duk wanda ya saba bi ta Dandalin Jackson da hantsi a shekarun baya ya san Alcide Fontenette. In bai san sunansa ba ya san malafarsa, wadda ya saya fara tas ta tsufa a kansa har ta koma launin shayi. Kullum yana nan a layin kekunan alfadarai da ke jiran baƙi a gefen titin Decatur, babban coci ta wannan ɓangare, ganuwar kogi ta wancan. Sauran matuƙan sukan miƙe tsaye su yi ta ɗaga hannu suna kiran masu wucewa. Alcide ba ya kira. Zama yake ya harɗe ƙafa, linzami a cinya, yana hira da alfadararsa Lulu kamar wanda bai fito neman kowa ba, kuma baƙin da suka gaji da masu kira wajensa suke ƙarewa.

A Unguwa ta Bakwai aka haife shi, a gidan masu yaɓe. Da ubansa da kakansa, da hannunsu aka yi furannin farar ƙasa da ke rufin ɗakunan tsofaffin gidajen New Orleans, shi ma ya taso da cokalin gini a hannu. Sai dai ƙurar ta ƙi ƙirjinsa. Yana saurayi likita ya ce masa ya zaɓa, ko sana'ar gado ko numfashi. Wani maƙwabcinsu da ke aiki a bargar alfadarai ya kai shi wurin masu kekuna, ya koyi ɗaura dabba, ya haddace tarihin da ake tambaya kafin a ba mutum lasisi, ya hau. Ubansa ya daɗe ba ya kula shi, yana cewa ɗan magini ya koma yi wa baƙi tatsuniya a bayan wutsiya. Daga baya tsohon ya sauko, har yakan hau kusa da shi ranar Asabar, ya yi gum, sai an zo kan gidan da ya taɓa yi wa aiki ya yi gyaran murya.

Hanyar ɗaya ce kullum. A tashi daga dandali a shiga Unguwar Faransawa, a bi ƙarƙashin barandun ƙarfe masu tukwanen furanni, a wuce tsohon gidan sistocin coci da mashayar da ake cewa ta 'yan fashin teku ce, a leƙa bakin titin Esplanade mai manyan itatuwa, a juyo. Baƙi suna son labarin fatalwa, Alcide yakan ba su daidai gwargwado. In sun gama dariya sai ya nuna musu ƙananan ɗakunan bayan gida, ya ce a nan waɗanda aka bautar suke kwana, cikinsu har da kakar kakarsa. Wasu su yi shiru, wasu su ɗaga na'urar hoto. Shi dai ya ce wa Lulu su je.

Matarsa Odile a bayan gawa suka haɗu. Jana'izar wani mai busa ƙaho ce, an fito daga maƙabarta, 'yan badujala sun bar kiɗan kuka sun koma na rawa, titi ya cika. Takalminta ya tsinke a tsakiyar rawa, ta kama kafaɗar wanda ke kusa da ita ta cire ɗayan, ta miƙa masa duka biyun ta ce ya riƙe. Haka ya bi ta da takalma a hannu har aka watse. Mai dafa abinci ce a wata makarantar firamare, doguwa, mai baki, ba ta barin magana ta kwana. Suka yi aure suka zauna a dogon gidan nan siriri na uwarta, Mama Zelie, ɗaki bayan ɗaki har zuwa kicin. Suka haifi 'ya ɗaya, Yvette. Ranar Litinin shinkafa da jan wake, ranar Lahadi miyar kuɓewa da jatan lande bayan an dawo daga coci.

Abu ɗaya Odile ta ƙi yi masa duk tsawon zamansu: ba ta taɓa hawa kekensa ba. Ya roƙa ranar haihuwarta, ya roƙa ranar da aka yi wa keken sabon fenti.

"Ni da aka yanke wa cibiya a garin nan, kai za ka ɗora ni a bayan jaki ka nuna mini shi?"

"Alfadara ce, uwargida."

"Ubanta dai jaki ne."

Ƙarshen watan Agusta na 2005 aka yi shelar guguwar Katrina na tafe. Masu kekuna suka nemi mutanen da za su raka dabbobin zuwa wata gona can a tudu, Alcide yana cikinsu. Ya ce wa Odile su shirya su bi shi. Mama Zelie ta ce ba inda za ta, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kuma ta ga guguwa tun kafin a haifi mai ba da labarin a talabijin. Odile ba za ta bar uwarta ba. Ya cika musu robobi da ruwa, ya buga katako a tagogi, ya ce jibi yana nan.

Guguwar ta wuce, sannan shingayen ruwa suka fashe. Ruwa ya shigo gidan ta ƙarƙashin ƙofa, kafin Odile ta gama tura uwarta cikin rufi ya kai ƙugu. A can suka zauna cikin duhu da zafi har wasu mutane masu kwalekwale suka fasa rufin suka fito da su, suka ajiye su a kan gadar sama tare da ɗaruruwan jama'a, ba inuwa ba ruwan sha. A nan Mama Zelie ta cika, kanta a cinyar 'yarta. Alcide kuwa sojoji sun tare hanya, ba a shiga gari. Ya yi ta bin sansanoni yana tambaya, har Yvette, wadda ke aikin jinya a Houston, ta same shi a waya ta ce masa Odile ta iso wajenta, ita kaɗai.

Odile ba ta ce masa komai ba game da tafiyarsa. Da ya shigo ɗakin ta dube shi ta ce ya rame, ta tashi ta ɗora masa tukunya.

Ya yi watanni a Houston yana gadin wani kanti. Garin bai karɓe shi ba. Titunan faɗi gare su kamar kogi, ba wanda ke tafiya da ƙafa, ba wanda ke zama a ƙofar gida ya ce maka ina gajiya. Da aka kira shi cewa an dawo da dabbobin, baƙi sun fara leƙowa jefi-jefi, ya ce wa Odile zai je ya duba gidan ne kawai. Ta ɗaure masa abinci a leda, ta ce ya sauka lafiya.

Alamar ruwa ya tarar a bango daidai wuyansa, fumfuna ta ci komai har hotunan aure. Ya fitar da kaya ya zuba a bakin titi kamar yadda kowa ke yi. Da safe ya tuƙa keke, da la'asar ya ɗaura ƙyalle a hanci ya ɗauko cokalin ginin ubansa. Ƙirjin ya yi ta ƙugi, bai saurare shi ba. Kullum da yamma sai ya zauna a dakali ya kira ta. Yau na gama ɗakin tsakiya. Yau an jawo wuta. Yau maƙwabciyarmu ta dawo, tana gaishe ki. Ita kuma ta ce madalla, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ranar da ya gama kicin ya tambaye ta yaushe zai zo ya ɗauke ta. Ta ce ya bari zafi ya wuce. Zafi ya wuce, ta ce Yvette na da ciki, ba za ta bar ta ba. Aka haihu, ta ce yaron bai yi ƙwari ba. Alcide ya gane, ya daina tambaya. Ba su rabu ba, ba su yi faɗa ba. Kirsimeti da Ista yakan shiga bas ya je ya yi 'yan kwanaki, har sai ya fara zagaye falo yana leƙen taga, sannan ita da kanta ta ce masa ya koma wajen jakarsa Lulu kafin ya cinye musu kafet da ƙafa.

Booker, wanda kekensa ke bayan na Alcide a layi, yakan ce duk garin nan bai san wani gwauro mai zoben aure ba sai shi. Alcide ya yi dariya ya ce ai shi ya fi kowa morewa, mata a waya ba ta ganin inda ka jefar da safa. Amma in tsofaffin ma'aurata suka hau kekensa, matar ta jingina da kafaɗar mijin tana nuna masa wata baranda, sai maganarsa ta ragu, ya bar ƙarar kofaton Lulu ta cike wurin. Ranar Litinin yakan jiƙa wake ya dafa da kansa, waya a kunne, Odile tana ba shi umarni daga Houston: ya rage wuta, ya murƙushe kaɗan a jikin tukunya don romon ya yi kauri. Bai taɓa fitowa kamar nata ba. Baƙi kuwa kusan kullum sai wani ya tambaya ko ruwan ya zo nan. Ya ce a'a, nan tudu ne. Su ce to ina ya je? Ya nuna da haɓa can bayan itatuwa, ya ja linzami.

An kusa shekara goma a haka. Wata safiyar bazara wata doguwar bas ta sauke mata a bakin dandali, duk da riga iri ɗaya ruwan malmo, kowacce da sunanta manne a ƙirji. Ƙungiyar matan wani coci ce daga Houston, sun zo yawon buɗe ido. Alcide yana gyara wa Lulu furen roba da ke kunnenta, bai ɗago ba sai da ya ji an ce daga bayansa:

"Malam, wannan jakar tana iya jan mutum shida kuwa, ko sai mun tura?"

Hannunsa ya tsaya a kan kunnen dabbar. Ya juyo. Odile ce, ta yi furfura fiye da yadda ya bar ta a Kirsimeti, ko kuwa hasken garin ne ya nuna masa. Jiya da yamma suka yi waya, ta ce masa tana kallon talabijin, ba ta ce masa tana tafe ba. Ga sunanta a ƙirji an rubuta da manyan baƙaƙe, kamar wadda za ta ɓata.

Ya cire malafa. Ya buɗe baki zai kira sunanta. Ta ɗan girgiza masa kai, alamar ya yi shiru, ta miƙo hannu ya taimaka mata ta taka matakin. Ta wuce can kujerar baya ta zauna tsakanin ƙawayenta, jaka a cinya. Booker da ke kallo daga kekensa ya rufe baki da hannu.

Alcide ya hau ya fara aikinsa. Ya yi musu barka da zuwa, ya faɗi sunansa da na Lulu, ya nuna musu cocin. Maganar da ya yi shekara da shekaru yana yi ba tare da tunani ba, yau sai da ya riƙa lalubo ta. A kan gidan sistoci ya rikita shekarun. A kan mashayar 'yan fashin teku ya manta ƙarshen labarin. Da suka zo wani gida mai koren taga ya ce a nan wata baiwar Allah take leƙowa da fitila tun bayan mutuwarta, sai murya ta fito daga baya:

"Ƙarya yake yi. Gidan mai gyaran takalmi ne, na sha kawo masa nawa. Ba wata fatalwa sai matarsa, ita kuwa da ranta ake tsoronta."

Matan suka kwashe da dariya. Wata daga cikinsu, mai tabarau, ta ce wa Odile ta bar bawan Allah ya yi aikinsa mana, ina ta san shi? Odile ta ce ta ɗan san shi, ta wanke masa riguna shekara talatin. Keken ya kaure da shewa. Wadda ke gaba ta daki kafaɗar Alcide ta ce ashe shi ne mijin da ake ta ba su labari, su da suka ɗauka ƙirƙirarsa aka yi don kada dattawan coci su dame ta. Daga nan yawon ya koma na mutum biyu. Shi ya faɗi na littafi, ita ta faɗi na gari: a nan ake sayar da kifi mafi arha, a wannan lungun aka sace mata laima, wancan kantin kayan tsaraba da can gidan burodi ne. Muryarta ta dawo irin ta da, mai kaifi, tana cika titi. Alcide bai juya ya dube ta ba, yana tsoron in ya juya ta daina.

Da suka iso bakin Esplanade, inda ake juyawa, ya ja linzami Lulu ta tsaya. Daga nan in mutum ya miƙe ƙarƙashin itatuwan, ya wuce gadar saman nan da Mama Zelie ta cika a kanta ya karya dama, ya isa gidansu, ko mai ciwon gwiwa zai iya takawa. Matan suka dubi juna. Odile ta kafa ido a kan titin, har can inda gadar ta gitta shi. Yatsunta suka matse hannun jakarta.

"Mu je, Alcide," in ji ta. "Matan nan yunwa suke ji."

Ya juya keken.

Da aka sauka ƙawayen suka tafi cin fanke mai garin sukari da kofi, suka bar su. Booker ya ce zai kula da Lulu. Suka hau matakalar ganuwa suka zauna a benci suna kallon kogi, jirgin ruwan baƙi yana busa a gefe. Alcide ya ce mata ya shuka tumatir a bayan gida, ya sa sabon murhu, gadon ma ya ɗaga ƙafafunsa saboda ruwa. Ta bar shi ya gama. Sannan ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa ba: yadda uwarta ta yi ta neman ruwa, yadda wata mata da ba ta sani ba ta cire ɗankwalinta ta ba ta ta rufe fuskar gawar, yadda aka ce mata ta shiga bas ta bar ta a nan za a zo a ɗauka, ta kuwa shiga.

"Da na zauna," in ji Alcide.

"Da ka zauna da mu uku ne a kan gadar. Ba kai nake fushi da shi ba, tsoho, ka cire wannan a ranka. Na zo ne in gwada. Nan inda kake yawo da baƙi ina iya kallo, har na ji daɗi. Amma can, ko daga nesa na hango, ruwan nake gani. Ina son garin nan kamar in mutu, kuma ba zan iya kwana a cikinsa ba."

Ya riƙe hannunta har mai tabarau ta zo ta ce direba na jira. Ya raka ta bakin bas. Tana taka mataki ta juyo ta ce masa ya sayi sabuwar malafa, wannan abin kunya ce a gaban baƙi.

Ya ƙara wasu shekaru a kan keken. Sai ciwon sukari ya fara cin idon Odile, Yvette ta kira shi ta ce, "Baba, jiya Mama ta zuba gishiri a kofi. Ni ina asibiti wuni guda, ba wanda ke tare da ita." Bai yi shawara da kowa ba. A lokacin Lulu ma ta tsufa, an mai da ita gona ta huta. Ya sayar da gidan ga wasu matasa da suka zo daga wata jiha, ya yi sallama da 'yan layi, Booker ya rungume shi ya ce yau gari ya rasa gwauronsa.

Yanzu suna zaune a wani ɗan gida a hawa na biyu, kusa da na Yvette. Shi ke auna mata magani, shi ke karanta mata abin da aka rubuta a jikin gwangwani, shi ke riƙe mata hannu zuwa coci. Jikinsa har yau yana tashinsa da sassafe, lokacin da ya saba zuwa barga, sai ya fito baranda ya tsaya yana kallon motocin da aka jera a fili. Wani lokaci in ana hira sai ya ce yanzu haka can an fara jin ƙamshin kofi daga kasuwa, Odile ta ce masa ya zauna ya sha wanda ke gabansa.

Kwanakin baya Yvette ta shigo da waya a hannu tana dariya, ta ce su ga abin mamaki. Gidansu ne. Waɗanda suka saya sun mai da shi masaukin baƙi, ana kama shi kwana biyu ko uku, an sa hotunansa an rubuta cewa gidan tarihi ne a unguwar asali. Odile ta kai wayar dab da fuskarta, ba ta ga komai ba sai haske, ta miƙa wa mijinta ta ce ya faɗa mata. Ya ce sun fasa bangon da ke tsakanin ɗakin Mama Zelie da kicin. Sun rataye wani tsohon ƙaho a falo don ado. Sun yi wa gaban gidan fenti ruwan ɗorawa.

"Ruwan ɗorawa," in ji Odile. "Shekara nawa ina roƙonka wannan launin kana cewa na 'yan gayu ne?"

Yvette ta ce ai in suna so za ta iya kama musu shi ƙarshen wani mako, ta kai su da motarta, su kwana a ɗakinsu. Alcide ya dubi matarsa, ta juya fuska wajen taga. Ya ce wa 'yar ta bari tukuna, ta mai da wayar jaka.

Washegari da safe yana yanka mata burodi, Odile ta tambaye shi ko har yanzu in za a je New Orleans ta kan doguwar gadar nan ta cikin fadama ake bi. Ya ce ta nan ake bi. Ta tambaya ko akwai wata hanyar shiga unguwar ba sai an ratsa ƙarƙashin gadar sama ba. Ya ajiye wuƙar ya ce akwai, in an zagayo ta wajen tafki.

"Tambaya kawai na yi," in ji ta, ta laluba ta ɗauki kofinta.

Har yanzu dai ba su je ba.